Dalilin da Ya Sa Mota Ke Ƙara Bayan An Kashe Ta

Sau da yawa in Hakimi ya dawo daga rangadi, direba ya kashe mota ya zare makulli, sai a ji tana ƙas-ƙas daga ƙarƙashi, ko kuwa wani abu yana huci a gabanta. Waɗansu su ce ta lalace, a kira makaniki, a yi hasarar kuɗi a banza. Waɗansu kuwa su yi biris, har ran da abin ya zama babba. Ya kamata Hakimai da Malamansu su iya rarrabewa, tun da yake su ke ba da izinin gyara, su kuma ke shiga motar.

Ƙarar da aka fi ji ta ƙarfe ce. Kowane ƙarfe in ya ɗauki zafi yakan miƙe, in ya huce ya tsuke. Wanda ya taɓa zama a ɗakin kwano ya san yadda rufin ke ƙara in rana ta yi sanyi. To, haka salansa take, watau bututun da hayaƙi ke bi. Bututun ƙarfe mai tsawon mita 3, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, tsawonsa yakan ƙaru da kamar santimita 1. Abin kaɗan ne, amma fa an ɗaure bututun da kusoshi, an kuma rufe shi da faranti marasa kauri, kowanne da saurin hucewarsa. Saboda haka ba su komawa a hankali, sai su cije, sa'an nan su zame, kowace zamewa ita ce ƙas ɗin da ake ji. Takan fara da sauri, ta yi ta raguwa, kafin rabin sa'a ta ɗauke. Wannan ba ciwo ba ne.

Amma akwai abin lura a nan. Tun daga 1975 aka fara sa wa motoci a Amurka wata tukunya a jikin salansa don tace hayaƙi, yanzu kuwa kusan kowace mota mai shan fetur da ita ake ƙera ta. Zafinta yakan wuce digiri 400. In an ajiye mota bisa busasshiyar ciyawa ko karmami, musamman da hunturu ko bazara, tana iya ta da gobara. A umurci direba ya nemi fili mai ƙasa zalla.

Sai fanka. A tsofaffin motoci inji ne ke juya ta da bel, in ya tsaya ta tsaya. A na zamani kuwa da batir take aiki. Da an kashe inji, famfon da ke zagaya da ruwa yakan tsaya, ruwan ya kwanta wuri ɗaya, zafinsa ya ƙara hawa na ɗan lokaci. Shi ya sa fanka kan ci gaba da juyawa na 'yan mintoci, wani lokaci ma ta tashi da kanta bayan ta yi shiru. Kada kowa ya sa hannu ko bakin riga kusa da ita, ko da makulli na aljihu. In ta wuce rabin sa'a ba ta tsaya ba, da aibu, za ta kuwa shanye batir kafin gari ya waye.

Ɗan gurgur na ruwa ba kome ba ne. Amma in an ji tafasa sosai, ga tururi, ga ruwa mai launi yana zuba, inji ya yi zafi fiye da kima. Lalle kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce sarai. Ruwan ciki a matse yake, yana iya kai digiri 120 bai tafasa ba, da an buɗe sai ya yi tsartuwa ya ƙone fuska.

Na'urar sanyaya mota takan yi ɗan tsaki na minti ɗaya ko biyu, farin ruwan da ke ɗiga ƙarƙashinta raɓa ce kawai. Har wa yau waɗansu motocin Toyota da aka shigo da su daga Amurka sukan yi ɗan ruri cikin dare, kamar sa'a 5 bayan kashewa. Wani ƙaramin famfo ne ke duba ko tankin mai na yoyo.

Abin da ba a so shi ne inji ya ƙi mutuwa, ya yi ta jijjiga yana tari bayan an murɗa makulli. An fi samun wannan a tsofaffin motoci masu kafireto. Baƙin toka ne ke taruwa cikin inji, ya yi ja kamar garwashi, ya riƙa kunna fetur ba tare da fulogi ba. Direba ya taka birki, ya sa giya, ya saki kuloci a hankali, injin zai tsaya. Sa'an nan a kai ta gareji, kada a bari ya zama al'ada, don yana cin inji.

In za a aika da mota gyara, Malami ya rubuta daga ina ƙarar ta fito, minti nawa ta yi, da kuma ko an ji wani wari. In warin fetur ne ko na ƙonewar waya, kada a sake ta da ita, a nisantar da taba da fitila, a aika makaniki ya zo inda take.