Binne: Shukar da Ba Ta Jiran Ruwa

Kowane farkon zango akwai alƙawuran da muke ɗaukar wa kanmu. Wani zai fara bitar lissafi kullum da yamma, wata za ta koyi ɗinki, wani zai shuka bishiya a bayan ajinsu, mu kuma 'yan ƙungiyar jarida mu ce bana babu makon da allon nan zai kwana babu sabon rubutu. Kafin a ankara an shiga mako na shida, littafin da aka saya domin aikin ko sunan mai shi ba a rubuta ba. Idan ka tambaya, amsar ɗaya ce: sai gobe.

Yawanci mukan kira wannan lalaci, amma ba kullum ne lalaci ba. Yaron da ya kasa buɗe littafin lissafi shi ne zai wuni yana huɗa a gona bai ce ya gaji ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa mai jan ƙafa ba aikin yake gudu ba, yana gudun abin da yake ji ne a ransa idan ya tuna aikin: tsoron kada ya kasa, ko gundura, ko rashin sanin ta ina zai kama. Da ya ce "sai gobe" sai ya ji sanyi a zuciya, shi ya sa gobe ma zai sake faɗa. Yana jiran ranar da zai ji yana sha'awar farawa, ita kuwa ranar ba ta cika zuwa ba.

Manoman Zakka da na ƙauyukan Safana da Batsari sun daɗe da sanin maganin wannan, sai dai a gona suke amfani da shi. Idan damina ta matso, wasu ba sa jiran ruwan shuka. Sukan saka irin gero a busasshiyar ƙasa su rufe, abin da ake kira binne. Ranar da ruwa ya sauka, nasu ya riga ya kama hanya, maƙwabci kuwa lokacin yake neman iri da 'yan taya aiki. Binne yana da kasada: idan yayyafi ya tsirar da irin sannan ruwa ya ɗauke, sai an sake shuka. Amma abin da aka yi asara 'yan tiyoyi ne na iri. Wanda ya makara da shuka kuwa, damina ba ta ƙara masa kwana, gero zai iske kaka bai nuna ba.

Ɗalibi ma yana iya yin binne, wato ya tanadi lokaci da wuri da abin da zai yi tun kafin sha'awar ta zo. Wani masani ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa wanda ya ɗaura niyyarsa a kan wani lokaci takamaimai ya fi cika ta fiye da wanda ya tsaya a kan "zan yi". Maimakon "zan riƙa karatu", ka ce: "Idan na dawo daga sallar La'asar, zan zauna a zaure in warware tambaya 3 daga tsofaffin takardun NECO." Ka ajiye takardar da biro a zauren tun da safe. Uku kawai, kada ka ce talatin. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: a makarantar allo ba a ba yaro izu guda rana ɗaya. Layuka kaɗan yake rubutawa, ya biya wa malam, ya wanke, ya sake rubuta wasu, kuma a haka ake sauka. A lura da biyawar: sanin cewa wani zai saurare ka yana hana gudu. Ka nemi aboki ko ƙawa da za ku riƙa duba wa juna.

Yaushe abin zai zama jiki? A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda aka buga a 2009, mutum 96 sun ɗauki sabuwar ɗabi'a suna yi kullum. Matsakaicin lokacin da ta zame musu jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Wato kusan zango guda na karatu. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya bai rushe abin ba. Don haka wanda zazzaɓi ko aikin gona ya hana shi ranar Talata, ya ci gaba ranar Laraba, ba sai ya jira sabon zango ba.

Mu a nan muna da dalilin da ya fi na wasu. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 an rufe makarantu a jihar Katsina, kuma rashin tsaro a yankinmu na gefen dajin Rugu ya sha katse wa yara karatu. Kwanakin da aka rasa ta wannan hanya ba laifin ɗalibi ba ne, amma WAEC da NECO da JAMB ba sa rage mana tambayoyi saboda su. Takarda ɗaya muke zaunawa da ɗan Legas da ɗan Abuja.

Duk mai labari ko waƙa ko tambaya da yake ta cewa zai kawo wa wannan allo, ba ma jiran shafi cikakke. Ya kawo layi biyar ranar Litinin, mu zauna tare mu ƙarasa.