Idan kwamfuta ba ta san hatimin ba

Wanda ya taɓa neman takardar shaidar asali ya san yadda take tafiya. Mai unguwa ya sa hannu don ya san gidanku, dagaci ya sa nasa don ya san mai unguwa, hakimi ya buga hatimi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma bai san ka ba, hatimin hakimi ya sani, kuma wannan ya ishe shi. To amma idan sabon zuwa ne, ba a taɓa nuna masa hatimin ba, sai ya mayar maka da takardarka, alhali ba jabu ba ce.

Haka manhaja ke ƙin tashi a kwamfutar da lafiyarta ƙalau. Manhaja na zuwa da sa hannun kamfanin da ya yi ta, wata hukumar shaida ta tsaya wa kamfanin, har a kai ga takardar tushe, wadda babu mai tsaya mata. Ita dole a same ta a ma'ajiyar amintattu da ke cikin kwamfutar. Windows kan ɗauko sababbi da kansa ta intanet, shi ya sa matsalar ta fi kama injin da ya daɗe ba a haɗa shi ba. Masu gyara sun sha ganin haka wajen sa .NET Framework a tsohuwar Windows 7: aiki ya tsaya, lamba 0x800B0109 ta fito, abin da aka rasa kawai shi ne takardar tushe ta Microsoft ta 2011.

Wani lokacin takardar tana nan, wa'adinta ne ya cika. Ranar 30 ga Satumba, 2021, takardar tushe DST Root CA X3, wadda hukumar shaidar shafukan intanet Let's Encrypt ta dogara da ita, ta ƙare. Da yawa daga tsofaffin na'urorin da ba su san takardar tushen Let's Encrypt kanta ba, wato ISRG Root X1, suka daina buɗe shafukan da jiya-jiya suke buɗewa.

Gyaran ba ya da wuya. A fara duba kwanan wata da agogon injin, domin idan batirin agogo ya mutu, takarda mai kyau ma sai a ce lokacinta bai yi ba. Sannan a sabunta tsarin. A Debian da Ubuntu, a sa kunshin ca-certificates, a gudanar da update-ca-certificates. Inda babu intanet, a ɗauko takardar daga shafin mai ita, a kawo a filas.

Abin da ke damuna shi ne shawarar da ake yawan bayarwa, wai a kashe binciken baki ɗaya, ko a sauke takardar daga ko'ina aka gani. Wannan daidai yake da ce wa ma'aikacin ya karɓi kowace takarda ido rufe. Mai takardar tushen da ka shigar yana iya sa wa muguwar manhaja hannu, ko ya tsaya tsakaninka da bankinka. Kafin a shigar, a gwada lambar tantancewarta da wadda kamfanin ya wallafa, harafi da harafi.