Ruwan Afrilu da Saƙon Shuka a Ƙasar Daudawa

A Daudawa da kewayenta, daga Faskari zuwa Sabuwa da Ƙanƙara, ba baƙon abu ba ne hadari ya haɗo a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, a sheƙa ruwa sau ɗaya ko biyu, sannan sama ta ɗauke har tsawon makonni. Bana wannan ruwan ya zo tare da wani saƙon murya da ake ta turawa a WhatsApp tsakanin manoma da dillalan hatsi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai kuma faɗi inda ya samo labarin ba. Ya ce hukumar hasashen yanayi ta sanar cewa damina ta sauka da wuri, don haka duk wanda bai shuka masara da wannan ruwan ba ya yi asarar shekara. Ya ƙara da cewa sanyi zai dawo har ruwa ya daskare a gonaki, cewa tsananin zafin bazara alamar damina mai albarka ce, da kuma cewa yanayi ya canza, lissafin da aka gada ya daina aiki.

Maganar shuka ita ce mai haɗari, domin ita ce ke sa mutum ya buɗe buhun iri. Ruwan sama a wannan yanki ya dogara ne ga haɗuwar iska biyu: busasshiyar iskar arewa maso gabas da ke fitowa daga Sahara, da iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana matsowa arewa sannu a hankali daga farkon shekara zuwa Agusta, sai dai tafiyarta ba a miƙe take ba. Takan zabura gaba na 'yan kwanaki, laima ta shigo, zafin rana ya tayar da hadari, a yi ruwa, sannan ta koma baya busasshiyar iska ta sake mamaye ƙasa. Ruwa mai ɗorewa yana sauka ne can kudu da wannan iyaka, bayan ta wuce wuri da nisa. A kudancin Katsina hakan yakan tabbata ne daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, ruwan ya kai har Oktoba, a tara abin da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara. Ruwan Afrilu yawanci na zaburar nan ne.

Masana suna da ma'aunin da suke gane saukar damina da shi. Wanda aka fi amfani da shi a wannan sashe na Afirka shi ne na M. V. K. Sivakumar, masanin da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, wanda ya wallafa a 1988: daga 1 ga Mayu, a samu ruwa aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan kada a yi fashin ruwa na fiye da kwana bakwai cikin kwana talatin da suka biyo baya. Sharaɗi na biyu shi ne ke rusa saƙon baki ɗaya. Ba a iya tabbatar da shi sai wata guda ya wuce, saboda haka babu hukuma ko masanin da zai tashi washegarin ruwan farko ya ce damina ta zauna. Abin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take yi shi ne fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai ɗauke da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, da yawansa, da wuraren da ake fargabar fashin ruwa, kuma ana fassara taƙaitaccensa da Hausa. Hasashe ne mai tazarar kwanaki gaba ko baya, ba umarnin shuka ba ne. Wanda ya jingina wa hukumar maganar da ba irin tata ba, ya tura wa mutanen da abincin shekararsu ke kan wannan shawara, ya yi ganganci, kuma cewa shi ma turo masa aka yi ba ya wanke shi.

Abin da ke faruwa a cikin rami yana da sauƙin gani. Ƙwayar masara tana shan ruwa ta kumbura, ta fitar da saiwa, cikin kwana huɗu zuwa bakwai tsiro ya leƙo. Daga lokacin da ta fitar da saiwa ba ta da hanyar komawa busasshiya ta jira. A Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40, rana da iska suna iya ɗauke milimita shida zuwa takwas na laima a yini guda, don haka ruwan da ya cika kwata da daddare yakan ƙare a saman ƙasa cikin kwana uku ko huɗu. Manomin da ya koma gona bayan mako ya tona da yatsa sai ya tarar da ƙwaya a kumbure, farar saiwarta ta yanƙwane. Wadda ta samu ta fito kuwa, kafin azahar ganyenta ya nannaɗe kamar tsinke, bayan 'yan kwanaki ya ƙone. Sauran da suka rage a ƙasa gara da ɓera da fakara su raba.

Hekta ɗaya ta masara tana cin iri kilo 20 zuwa 25, kuma ingantaccen iri irin SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru saye ake yi da kuɗi. Ga ladan huɗa, ga maganin ciyawa da aka fesa wanda ba ya kamawa a busasshiyar ƙasa, ga takin yuriya da ke bin iska idan aka zuba shi babu laima. A wannan yanki akwai ƙarin wani nauyi: shekarun rashin tsaro sun sa zuwa gona mai nisa ya zama kasada, kuma sake shuka na nufin mutum da 'ya'yansa su sake shiga daji.

Waɗanda suka gaskata saƙon suna da uzurinsu. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, kowa na ɗokin ganin sabuwar masara. Sun kuma san cewa jinkiri ma yana da tasa illar, kuma wannan gaskiya ce: masarar da aka makara da ita takan rasa ƙarfin ƙasa na farkon damina, ta kuma fi fuskantar tsutsar nan mai cin zuciyar masara da aka fara gani a Najeriya a 2016. Haka nan shukar binne da ta ruwan farko tsohuwar dabara ce ga gero, musamman a arewacin Katsina da Maraɗi, domin irinsa kaɗan ake buƙata, a gida ake ɗiba, kuma ya fi jure ƙishi. Masara da auduga da waken suya, waɗanda su ne ƙarfin noman Daudawa, ba su da wannan juriya. Auduga da waken suya ma lokacinsu Yuni ne zuwa farkon Yuli, babu abin da ya haɗa su da ruwan Afrilu.

Batun daskarewa ba shi da tushe a nan. Abu ne na ƙasashen sanyi, kamar yadda ya faru a Faransa a Afrilun 2021, inda sanyi ya dawo bayan ɗumin Maris ya ƙone tohon inabi. Ƙanƙarar da Daudawa ta sani ita ce mai faɗowa tare da hadarin farko, takan yayyaga ganyen kayan lambu a fadama, amma ba dawowar hunturu ba ce. Zafin bazara kuwa kowace shekara ana yin sa, ba ya auna ruwan Agusta.

Cewa yanayi ya canza akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai abin da manoma ke kuka da shi shi ne rashin tabbas a farkon damina, wanda dalili ne na ƙara haƙuri da ruwan farko. Lissafin da aka gada bai mutu ba. Masu cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, suna nufin lokacin da ya yi daidai da Mayu a ƙidayar manoma, kusan inda ma'aunin masana ya fara. Hanyar gwaji ma tana nan: bayan ruwa mai ƙarfi na biyu ko na uku a tona ƙasa, a ga ko laima ta nutse fiye da taƙi guda, a kuma lura ko iskar dare ta juya tana zuwa daga kudu maso yamma da sanyin laima. Ruwan Afrilu yana da amfaninsa wajen sharar gona, kai takin gargajiya da tayar da kunya, yayin da iri ke jira a ɗaka, kuma malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, KTARDA, su ne ya kamata a tambaya abin da hasashen shekarar ya ce game da ƙaramar hukumar da gonar take.