Kafin Ki Sauya wa Yaronki Ƙarfen Liƙi

Yaron da ke son kwance tocila da rediyo yana haɗa wayoyi, da ƙarfen liƙi mai arha yakan fara, irin wanda ake jonawa a soket kai tsaye. Illarsa ita ce ba a iya saita zafinsa, sai ya riƙa ƙona ƙananan kayan cikin na'ura. Sau da yawa ba shi da mazauni, a ƙasa ake ajiye shi inda ƙanne ke rarrafe.

Na'urar liƙi mai saiti, irin ta Hakko ko Weller, tana zuwa da maɓallin daidaita zafi da mazauni da soson goge baki. Wayar liƙi mai dalma tana narkewa a wajen digiri 183, marar dalma a wajen 217, ana kuma yin aiki a kusan 350. Zafin nan yana ƙona fata nan take, don haka mazaunin ba ado ba ne.

Uwargida, duba lambar wuta kafin ki biya. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma 'yar gwanjo daga can za ta iya ƙonewa da jonawar farko.

Ki zaɓa masa waya marar dalma. Gubar dalma ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ya buɗe taga saboda hayaƙin na tayar da asma, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.