Daga motar kara zuwa motar sulke: Yadda ake gane samfurin da ya yi daidai da motar gaske

Da zarar an gama girbin dawa a ƙauyukan Batsari da Safana, kara kan zama arzikin yara. Manya su kwashi na danga da na rufi, yara kuma su tsince abin da ya rage. Su feƙe ɓawon, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su soke wannan a jikin wancan, kafin la'asar mota ta tsaya da ƙafarta. In an samu tsohon silifa, an samu taya. In an samu gwangwanin madara ko na tumatir, to an tashi daga motar kara an koma ta langa-langa.

Yaro abin da ya gani a hanya yake kwaikwaya. A da, abin da ke wucewa shi ne a-kori-kura ta ranar kasuwa, da tirela, da tarakta. Amma fiye da shekara goma ke nan waɗannan ƙananan hukumomi biyu da ke bakin dajin Rugu suna fama da 'yan bindiga, kuma hanya ta kawo wata irin mota da kakannin yaran ba su saba gani ba: motar sulke.

A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar da ke Batsari. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Batsari da Safana. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, kuma cikin kayan aikin da aka ba ta akwai motocin sulke. Yaron da ya tashi a wannan zamani ya san ƙarar motar yaƙi kamar yadda mahaifinsa ya san ta motar itace.

Iyaye da malamai ba su da ikon goge abin da idon yaro ya gani. Abin da suke da iko a kai shi ne me za a yi da shi. A nan ne wata sana'a da ta daɗe a duniya, wato haɗa ƙananan samfuran motoci bisa ma'auni, take da abin da za ta koyar.

Abin wasa daban, samfuri daban

Tankar roba da ake sayar wa yara a kasuwa lokacin sallah abin wasa ce. Tana da bindiga, tana da koren fenti, wata ma har da fitila da jiniya, amma babu wata tankar gaske a duniya da take kwaikwaya.

Samfuri kuwa mota ce takamaimai da aka rage wa girma, kuma an rage kowane sashe nata da adadi ɗaya. Yana zuwa ne a kwali, gutsuttsuran roba manne a jikin firam, mai saye ya yanke su, ya haɗa da gam, ya yi fenti da kansa. A jikin kwalin za a ga an rubuta 1:35 ko 1:72. Ma'anar 1:35 ita ce, duk santimita ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar santimita 35 a jikin motar gaske.

Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa ma'aunin 1:35 tun farkon shekarun 1960, lokacin da ya fitar da samfurin tankar Panther ta Jamus. An zaɓi girmanta ne don batura su samu wurin zama a ciki, sai lissafi ya faɗa kan 1:35, kuma har yau shi ne ma'aunin da ya fi shahara a motocin yaƙi. Kamfanin Airfix na Ingila kuma ya yi suna da ƙananan samfura na 1:76.

Ƙa'idar farko ke nan ga mai saye: kwalin da babu ma'auni a jikinsa, kuma babu cikakken sunan motar, abin wasa ne kome kyawunsa.

Motocin da Najeriya ta yi yaƙi da su

Masu wannan sha'awa sukan zaɓi ƙasa ɗaya da zamani ɗaya su zurfafa a kai. Mafi yawan kwalayen da ke kasuwar duniya na Jamus ne da Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma Najeriya ma tana da nata tarihin, kuma Katsina na da hannu a ciki.

A yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, sojojin tarayya sun dogara ne da motocin sulke masu taya. Akwai Ferret, ƙaramar motar leƙen asiri mai taya huɗu. Akwai Saladin mai taya shida da babbar bindiga mai faɗin baki milimita 76. Akwai Saracen, ita ma mai taya shida, wadda aikinta ɗaukar sojoji ne. Duk ukun ƙirar Birtaniya ne. Sai kuma Panhard AML ta Faransa mai taya huɗu. Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, shi ne hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1968 har bayan ƙarshen yaƙin.

A ɗaya ɓangaren, 'yan Biyafara da aka toshe wa hanyar sayo makamai sun riƙa lulluɓe tsofaffin motoci da farantan ƙarfe suna mayar da su na yaƙi. Waɗannan su ne ake kira Red Devils, kuma ana iya ganin su a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985.

Bayan yaƙin ne aka shigo da masu tafiya a kan sarƙa da yawa: Scorpion da Vickers daga Birtaniya, T-55 ƙirar Sobiyet, sai T-72 da aka sayo a tsakanin 2014 da 2015 lokacin da yaƙi da Boko Haram ya yi zafi, sannan VT-4 daga China a 2020.

Ƙirga taya kafin ka biya

Mai neman samfurin ɗaya daga cikin waɗannan zai iya samu, domin wasu ƙasashe ma sun yi amfani da su. Airfix ya fitar da Ferret a ma'aunin 1:35 a 2023. Kamfanin Takom yana da Panhard AML, Tamiya kuma yana da T-72M1. Sai dai samun suna a jikin kwali bai isa ba. Ga abubuwan da masana harkar ke dubawa.

Na farko, ƙirga taya. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta kama ƙarya. Saladin da Saracen shida-shida, Ferret da AML huɗu-huɗu. A masu sarƙa, T-72 tana da manyan tayoyi shida a kowane gefe, T-55 kuwa biyar ne, kuma akwai tazara bayyananniya tsakanin ta farko da ta biyu. Hoton da ke kan kwali na iya burgewa, amma in ƙirgar ta saɓa, a ajiye shi.

Na biyu, lissafi da rula. Tsawon Saladin mita 4.93 ne, wato santimita 493. In an raba da 35, za a samu kusan santimita 14. In a ma'aunin 1:72 ne, bai kai santimita 7 ba. Ferret mai tsawon mita 3.7 za ta tsaya a kusan santimita 10 da rabi a 1:35. Yawancin kamfanonin kirki sukan rubuta tsawon samfurin a gefen kwali, don haka ana iya yin wannan lissafi a waya kafin a tura kuɗi.

Na uku, nau'in motar. Mota ɗaya kan fito iri-iri. AML mai lamba 60 tana ɗauke da gajeriyar bindiga mai cilla harsashi sama, mai lamba 90 kuwa doguwar bindiga ce, kuma kan da ke juyawa a samansu ba iri ɗaya ba ne. Haka T-72 tana da nau'o'i da dama, wasu an lulluɓe su da ƙananan akwatunan kariya, wasu babu. Sai an fara samun hoton ainihin motar Najeriya da ake son kwaikwaya, sannan a nemi kwalin da ya dace da ita.

Na huɗu, shekarar ƙira. Wasu kamfanoni kan sabunta kwali alhali robar da ke ciki ƙirar shekara arba'in ce. Tsofaffin samfuran da aka yi don a sa musu batur sukan zo da ramuka a ƙasa, wasu kuma an sauya fasalin cikinsu don inji ya shiga.

Na biyar, alamomi. Lambobi da tambarin da ke zuwa cikin kwali galibi na sojan Birtaniya ne ko Faransa ko ƙasashen gabashin Turai. Wanda ya manna su a jikin mota ya ce ta Najeriya ce ya yi kuskure a tarihi, ko da kowane ƙusa ya zauna daidai. Kuma kada a jera 1:72 da 1:76 a teburi ɗaya a ɗauka abu ɗaya ne. Bambancin kaɗan ne, amma ido na kama shi.

Inda mai langa-langa ya fi mai kwali

Gaskiyar magana, kaɗan ne a Batsari ko Runka za su iya sayen irin wannan kwali. Da kuɗin waje ake sayensa ta intanet, ga kuɗin dako, ga fenti da gam na musamman. Gidan da ke lissafin kwanon masara ba zai fara da nan ba.

Amma abin da ya sa samfuri ya zama samfuri ma'auni ne, kuma ma'auni bai damu da roba ko langa-langa ba. Rula da fensir da hoto mai kyau sun isa. In ba a san tsawon mota ba, ana iya amfani da mutumin da ke tsaye kusa da ita a hoto: mutum mai tsawon santimita 175 zai zama santimita 5 cif a ma'aunin 1:35, daga nan sai a auna sauran sassa da shi.

Akwai ma motocin da mai kwali zai sha wuyar samu. Ezugwu, motar sulke mai jure nakiya da hukumar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna ta ƙera aka kuma ƙaddamar a Disamban 2019, da Ara ta kamfanin Proforce da ke Jihar Ogun, da Red Devils na Umuahia, duk ba irin waɗanda manyan kamfanonin samfura ke tururuwa a kansu ba ne. Wanda zai yi su sai ya zana da kansa, ya yanka da kansa. Aikin da yaron ƙauye ke yi ke nan tun yana ɗan shekara bakwai, illa dai ba a taɓa ba shi rula ba.

Yaron da ya iya raba 493 da 35 don ya san inda zai yanka gwangwani ya fahimci darasin rabo da ake wahalar koyarwa a aji. Wanda ya iya zana mota ta gefe, ta gaba da ta sama kafin ya taɓa almakashi ya fara zanen injiniya, irin wanda ake koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Kuma hannun da ya auna Saladin yau, gobe zai auna tarakta ko injin casar gero.

Gargaɗin da bai kamata a manta ba

A wasu ƙasashe, mai son samfurinsa ya yi daidai kan je gidan tarihi da awo ya auna motar. A yammacin Katsina, ɗaga waya a ɗauki hoton motar jami'an tsaro a shingen bincike ko a bakin sansani abu ne mai haɗari. A yankin da zargin kai wa 'yan bindiga rahoto ke iya jawo wa mutum kamu ko abin da ya fi haka, babu samfurin da ya kai a ɗauki wannan kasada dominsa. Hotunan da jaridu suka buga da waɗanda rundunar soja ta fitar da kanta sun wadatar, kuma motocin tarihi irin su Saladin da Ferret hotunansu da awonsu suna nan birjik.

Haka nan akwai bambanci tsakanin ƙaramar mota mai tsawon tafin hannu da ake ajiyewa a kan tebur, da bindigar katako mai girman ta gaske da yaro zai rataya ya fita da ita bayan magariba. Ta farko darasi ce. Ta biyu tana iya rikita mai tsaro da ke hange daga nesa.

Kaka na tafe, kara zai sake cika bayan gari a Ruma da Runka, kuma yara za su sake zama a inuwa da reza da tsohon silifa. Babban da ya wuce ya ga mota ta tsaya, zai iya tsugunawa ya tambayi mai ita sunanta, da tayoyinta nawa, da tsawonta a rula.