Tafiyar Magani a Cikin Jiki

Idan ka haɗiyi ƙwayar magani, ina ta ke zuwa? Da fari ta sauka cikin ciki, ta narke. Daga nan ta wuce cikin hanji. A nan ne ta ke shiga jini, kamar yadda ruwa ya ke shiga saiwar gero. Jini ya bi da ita ta hanta, sa'an nan zuciya ta tura ta ko'ina cikin jiki.

Amma magani ba ya daɗewa a jiki. Hanta tana rage ƙarfinsa, saura ya fita cikin fitsari ko bayan gida. Shi ya sa a ke maimaita sha.

Ga misali Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro. Ana shansa sau 2 a rana, har kwana 3. Ba ya shiga jini sosai sai da abinci mai maiƙo. Saboda haka ka sha shi da madara ko kunun gyaɗa.

Kada ka daina don zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu. Sauran ƙwayoyin cuta suna nan cikin jini, suna iya sake tashi. Ka shanye duka, yadda likita ya ce.