Na'urar GPS ta Keke: Abin da Ta Sani da Abin da Ake Gaya Mata

Masu hawan keke na dogon zango a kan kwalta, waɗanda kan ci kilomita 80 ko 100 a wuni, sukan ɗaura wata 'yar na'ura a kan keken don ta nuna musu hanya. Garmin da Wahoo na Amurka da Bryton na Taiwan suna cikin masu ƙera ta, kuma kuɗin wata kan ninka na wata sau biyar ko fiye. Ba za a gane dalilin wannan tazara ba sai an raba aiki biyu da mutane kan haɗa: sanin inda kake, da sanin inda za ka bi.

Na farkon aikin taurarin ɗan'adam ne. Rundunar sojan Amurka ce ta kafa GPS. An harba tauraron farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200. Da farko da gangan ake dagula saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren ya kai mita 100. An daina hakan a watan Mayu na 2000, daga nan ƙananan na'urori suka fara amfani sosai.

Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuma watso saƙo ba fashi: ga inda nake, ga lokacin da na yi magana. Na'urar keke ba ta aika komai, saurare kawai take yi. Tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa nisanta da tauraron. Saƙon na tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a sakan guda, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya isa ya kauce da kai mita 300. Shi ya sa take bukatar taurari huɗu aƙalla: uku su tsayar da wuri, na huɗu ya gyara agogonta mai araha. Duk wannan ba ya bukatar data ko sabis ɗin waya.

A fili, inda sama take buɗe, kusan kowace na'ura tana samun wuri da kuskuren 'yan mitoci. Matsala takan zo tsakanin dogayen gine-gine, ko gindin duwatsu, ko cikin kurmi, inda saƙon ke bugun bango ya dawo a makare. Maganinta iri biyu ne: sauraron taurarin Rasha da na Tarayyar Turai da na Sin tare da na Amurka, da kuma kama saƙon a zango biyu, L1 da L5, kamar yadda Edge 1040 na Garmin ya zo da shi a 2022. Wannan yana ƙara daidaito, yana kuma shan batir.

Aiki na biyu shi ne inda na'urori suka rabu da gaske, domin tauraro bai san titi ba. Masu araha ba su da taswira: kai za ka tsara hanya a waya, a manhajar Komoot ko Strava, ka tura wa na'urar fayil ɗin GPX, ita kuma ta zana zare guda a allo ka bi, kamar mai bin sawun shanu. In ka kauce, sai ta yi ƙara, amma ba ta san wata hanyar ba. Masu tsada suna ɗauke da taswira a cikinsu, sun san mararraba da sunan titi, suna iya sake tsara hanya nan take idan aka tarar da gada a rufe. Akasarin taswirorin nan daga OpenStreetMap suke, wadda 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. Cikarta ta bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma ba ko'ina aka rubuta wace hanya ce kwalta, wace ce burji ba. Siririyar tayar keken tsere kuwa ba ta son yashi.

Tsawon tudu kuma, GPS ba ta da ƙarfi a nan, saboda taurarin duk suna sama, babu na ƙasa da zai daidaita lissafin. Na'ura mai ma'aunin nauyin iska ta fi gaskiya, ko da yake hadari kan ruɗa ta. Mai hawa a Jos zai damu da wannan fiye da mai hawa a Maiduguri.

To me ya hana a yi da waya? Tana iyawa, sai dai allonta yana faɗa da rana, ya yi zafi, batir ya ƙare cikin 'yan sa'o'i. Allon yawancin na'urorin keke hasken rana yake mayarwa, rana na ƙaruwa yana ƙara fitowa, kuma da yawansu sukan yi sa'o'i 15 zuwa sama kafin caji. Madannai kuma sun fi allon shafawa jure gumi da ruwan sama.

A ganina, mai bin hanyoyin da ya sani ya tsaya kan mai araha, ya sa rarar kuɗin a taya da hular kwano. Mai shiga baƙuwar ƙasa shi ne ya cancanci biyan kuɗin taswira, amma kafin ya biya, ya buɗe OpenStreetMap, kyauta ce, ya duba ko titunan da zai bi suna ciki, ya kuma tabbatar na'urar tana karɓar taswirar ƙasarsa, domin wadda aka sayo daga Turai takan zo da ta Turai kaɗai.